Ƙara a Gaban Motar Alhaji Na'iya

Bube bakanike ba ya cikin mutanen da ke ɓoye abin da suka iya. In ka zauna a garejinsa da ke bakin tashar Tambuwal, a ƙarƙashin wata tsohuwar tsamiya, kafin ka gama shan ruwa zai gaya maka cewa kunnensa bai taɓa yi masa ƙarya ba. Abin haushin shi ne gaskiya yake faɗa. Mota za ta taho daga wajen Dogon Daji, tun ba a gane launinta ba zai ɗaga kai ya ce boris ɗin ƙafar hagu, wanda taya ke juyawa a kansa, ya ci, a tsayar da direba a duba, a tarar haka ne. Shekarun nan kuwa kuɗin mai sun shigo ƙasa, Sakkwato ta samu jiharta, duk wanda ya sayar da 'yan shanu sai ya jawo abin hawa, saboda haka kunnen Bube bai taɓa rasa aiki ba.

Mota ɗaya ce ta nemi ta ba shi kunya, kuma ita ce wadda ba ta kamata ba: a-kori-kurar surukinsa Alhaji Na'iya, manomi kuma mai fataucin hatsi a Kebbe. Alhaji ya koyi tuƙi da furfura a gemunsa, kuma da zuciya ya koye shi. Ba ya kauce wa rami. A ganinsa shi ya sayi mota da guminsa, in akwai mai kaucewa to ramin ne. Duk ranar kasuwar Tambuwal zai taho da buhunan gero ya bi ta tsakiyar kowane kwazazzabo, kaji na watsewa, masu jakuna na salati. Akwai wani ɗan rami a ƙofar garejin Bube da Alhaji ya shekara biyu yana faɗa masa, shiga da fita, har mutanen tasha suka sa masa suna ramin Alhaji. Amininsa Jumare, mai awon hatsi a kasuwa, sau ɗaya ya shiga motar zuwa Sanyinna. A kan jaki ya dawo, ya kuma rantse ba zai sake ba.

Da Alhaji ya tsinke salansa, bututun hayaƙin motar, sau biyu, ya fasa cikin motar a kan dutse sau ɗaya, sai Bube ya yi abin da ba wanda ya taɓa yi a tashar nan. Ya ɗaga motar. Ya ƙara ganye biyu a sifirin baya, ƙarafan da ke ɗauke da nauyin mota, ya sa maƙeri ya yanko masa ƙarafa masu kauri ya ɗora a kan sifirin gaba, ya sa mata manyan tayoyi, sai ga mota ta tashi da yatsa huɗu. Ta tsaya a cikin 'yan'uwanta kamar raƙumi a cikin jakuna. Direbobi suka riƙa zagayawa suna leƙa ƙasanta, Bube na tsaye yana goge hannu yana cewa yanzu ko rijiya ta faɗa za ta fito. Alhaji ya aiko da buhun gero sabon sussuka, kowa ya san ya ji daɗi.

Da damina ta kankama sai ƙara ta ɓullo.

A nan sai an fahimci yadda mutanen nan biyu suke. Matar Bube, Kulu, ita ce 'yar farin Alhaji. Uba ba ya kiran sunan 'yar fari, ba ya nuna ya damu da ita a gaban mutane, kuma Alhaji ya riƙe wannan al'ada da hannu biyu. Shekara ashirin ba wanda ya taɓa jin sunan Kulu a bakinsa. In zai yi maganarta sai ya ce "mutanen gidan can". Shi kuma Bube, da duk bakinsa, in ya hango Alhaji sai ya tuɓe takalma ya durƙusa daga nesa ya gaishe shi, idonsa a ƙasa. Ba su taɓa cin abinci a kwano ɗaya ba, ba su taɓa zama a kujerar mota ɗaya ba. In akwai magana, Jumare ke ɗauka daga bakin wannan ya kai kunnen wancan, ko da kuwa tsakaninsu bai wuce taku goma ba.

Haka aka yi ranar farko. Alhaji na zaune a benci yana jan carbi yana kallon titi, Jumare ya tako ya ce wa Bube, "Alhaji ya ce motag ga tana ƙara nan ga gaba."

"Wace irin ƙara, Baba Jumare? Ƙwas taka yi, ko kuka, ko gurnani?"

Jumare ya yi taku goma, ya sunkuya, ya dawo. "Ya ce ƙwas."

"Yaushe taka yi? Bisa kwalta ko bisa burji? Da kaya ko wofi? In ya taka birki?"

Jumare ya sake tafiya ya dawo. "Ya ce wani lokaci."

Bube ya yi murmushi, don ya saba da masu mota marasa bayani. Ya ɗaga gaban motar a jak, ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza, ya kama ta dama da hagu ya girgiza, ba motsi. Ya sauke ta, ya danna gabanta da ƙarfi ya saki, ta tsaya cak. Ya bi noti ɗaya bayan ɗaya da sifana. Sannan ya shiga ya gwada ta a hanya. Bube yana da ƙa'ida da yake alfahari da ita, cewa mota a hannun mai ita take ƙara, saboda haka in za ka nemi ƙara sai ka tuƙa ta yadda mai ita yake tuƙa ta. Ya kuwa san tuƙin Alhaji kamar yadda kowa ya sani. Ya hau hanyar Kebbe ya sake mata wuta, ya bi ta tsakiyar ramuka har haƙoransa na haɗuwa. Motar ta yi irin hayaniyar da kowace mota za ta yi in an wahalar da ita, amma ƙwas bai ji ba. Da ya dawo ya tarar da wani noti ya saki a bayan bamba, ya ɗaure shi, ya ce wa Jumare a gaya wa Baba an gama.

Wajen kwana arba'in ba a sake maganar ba, Bube har ya ba da labarin notin a tasha sau uku. Sai ga Jumare ya sake takowa, Alhaji ya ce ƙarar ta dawo. Bube ya sake girgiza tayoyi, ya sake gudu a hanyar Kebbe, bai ji komai ba. Ya canza wasu robobi da suka fara tsagewa don dai kada a ce bai yi komai ba, amma a ransa ya san bai kama ɓarawon ba. Wannan karon bai ba kowa labari ba.

Karo na uku shi ne ranar da abin ya daina zama maganar suna. Kulu na da ciki wata bakwai, cikin fari, kuma lokaci ya yi da za ta koma gidan iyayenta goyon ciki. Alhaji ya aiko tun mako guda cewa ranar kasuwa motarsa za ta koma Kebbe wofi bayan la'asar, in mutanen gidan can suna da kaya. Kowa ya san abin da ake nufi da kaya. Da hantsi ya sauke geronsa a kasuwa, ya kawo motar gareji, ya faɗa ramin ƙofa kamar kullum, ya je ya zauna a benci.

Jumare ya tako. "Ya ce yau ba ta yi ba, amma tana nan."

"Ba ta yi ba, amma tana nan?"

"Haka yac ce. Ya ce kuma in kunnenka ya gaji a faɗi mashi, shi kai ta Jega."

Maganar Jega ta soki Bube, amma ba ita ta hana shi sukuni ba. Ƙarar gaba ba ta wasa ba ce. A gaban mota sitiyari yake, a nan birki yake kamawa, kuma hanyar Kebbe bana ruwa ya cinye ta, akwai wuraren da in ƙafa ta kauce sai gangare da ruwa a ƙasa. A kujerar nan matarsa za ta zauna da abin da ke cikinta. Ya sake ɗaga motar, ya sake girgiza, ya kwanta a ƙasa ya bi kowane ƙarfe da ido da hannu. Ya sake fita da ita da gudu har ya tsorata wani mai shanu. Rana ta take tsaka, motar tana masa shiru kamar ta sani. Tsoro ya kama shi, abin da bai saba da shi ba a bakin aikinsa.

Da azahar ya shiga gida. Kulu na durƙushe a tsakar gida tana ninke zannuwa tana jerawa a kwalla. Ta miƙo masa ƙwaryar fura, ya karɓa ya ajiye a gabansa bai kurɓa ba.

"Ba ka sha ba," in ji ta.

"Motab Baba ta hana ni."

"Ƙwas ɗin nan?"

Bube ya ɗago kai. "Ke kin ji ta?"

"Mi zai hana? Nan ƙarƙashin ƙafata taka yi. Randa munka tafi ta'aziyyar Kaka na ji ta, da munka dawo na ji ta, haka ran sadakar arba'in. Duk sadda Baba zai kewaye rami sai ta yi."

"Kewaye mi?"

"Rami."

"Baba?"

Kulu ta ci gaba da ninke zanenta. "Ni dai ban san abin da mutane ka nufi ba, wai Baba na gudu da mota. Rannan wani mai keke sau biyu shina wuce mu. Gwaggo Marka tana tsakiya, har barci tay yi bisa kafaɗata. In ya ga rami sai shi kusa tsayawa, shi murɗa sitiyari har ƙarshe, shi bi gefe sannu-sannu awa mai ɗauke da ƙwai. Nan taka yin ƙwas."

"Mi ya hana ki faɗa mani?"

"Ba ka tambaye ni ba. Ni na ɗauka haka motoci ka yi."

Bube ya shiga ƙirga ranaku a ransa. Sau biyu aka kawo masa ƙarar motar, duk biyun kuwa a ranar da Alhaji ya dawo da Kulu daga Kebbe. Yau ba ta yi ba amma tana nan, domin yau ma zai ɗauke ta. Wani lokaci, in ji Alhaji. Ai ba zai iya faɗin wane lokaci ba, don faɗin lokacin shi ne faɗin sunan da ba ya faɗi, da kuma abin da ba ya nunawa. Shi kuma gwanin kunne ya yi wata biyu yana kwaikwayon tuƙin da duk duniya ta sani, bai taɓa tambayar wadda ke kwana a ɗakinsa ba.

"Kin sani," ya ce a hankali, "Baba bai taɓa kewaye rami ba tun da yas sayi motag ga. Tambayi duk wanda kika so cikin tasha. Sai in kina ciki."

Hannun Kulu ya tsaya a kan zanen. Ta san al'ada, ba wanda ya taɓa gaya mata cewa ubanta ba ya son ta, amma yarinyar da ta girma tana jin ana kiran ƙannenta da suna, ita ana ce mata "ke", akwai abin da yake kwanta mata a rai ko ta sani ko ba ta sani ba. Idonta ya ciko. Ta juya baya ta ce furarsa za ta yi tsami in bai sha ba.

Ya shanye furar a tsaye, ya wanke ƙwaryar, ya ɗauki gammon da take ɗaukar ruwa da shi, ya fita.

A gareji ya ɗora gammon a kujerar gaba, wajen ƙofa, inda Kulu ke zama. Ya ɗora ƙwaryar a kai, ya cika ta da ruwa har baki. Ya tayar da mota ya nufi hanyar Kebbe da niyyar kada ɗigo ɗaya ya zube. A ramin farko rabin ruwan ya tafi a kan kujera, don ƙafar Bube ba ta san sannu ba. Ya tsaya ya sake cikawa daga jarka. A rami na biyu ya yi dama-dama. Kafin na uku ya gane yadda abin yake: ka rage gudu har mota ta kusa mutuwa, ka murɗa sitiyari har ya ƙare, ka bar ƙafa ɗaya ta gangara gefen ramin a hankali, idonka ɗaya a hanya ɗaya a kan abin da kake ɗauke da shi. Ya murɗa, ƙafar dama ta gangara.

Ƙwas.

Ƙaramar ƙara ce, busasshiya, kamar an karya kara a ɗaki na kusa. Bube ya ja da baya ya sake. Ƙwas. Ya gwada da ƙafar hagu, ya ji ta amma can ƙasa-ƙasa. Ya yi dariya shi kaɗai a cikin mota, dariyar wanda ya daɗe yana neman abu ya same shi, sannan dariyar ta tsaya, don kunnensa ya riga ya gaya masa daga inda take fitowa, kuma ba wurin dariya ba ne.

Ya dawo gareji ya tsayar da motar da ƙafar dama a gangaren ramin Alhaji, sitiyari a murɗe. Alhaji ya riga ya koma kasuwa. Bube ya aika aka kira Jumare, ya roƙe shi ya shiga ya riƙa kaɗa sitiyari dama da hagu.

"Ni na rantse ba ni sake shiga motag ga," in ji Jumare.

"Ba tafiya za ta yi ba, Baba Jumare. Ga makulli nan ga aljihuna."

Jumare ya nemi a nuna masa makullin, aka nuna masa, ya shiga yana gunaguni ya bar ƙafa ɗaya a waje. Bube ya kwanta a cikin taɓo ya zura hannu bayan taya. Akwai sandar ƙarfe da ke haɗa sitiyari da ƙafar mota, kanikawa na ce mata tayarod. A ƙarshenta akwai ƙwallon ƙarfe da ke juyawa a cikin gurbinsa, kamar ƙashin kafaɗa. Nan Bube ya dunƙula tafin hannunsa ya ce a kaɗa. Jumare ya kaɗa. Abin ya buga masa a tafi, ƙwas, har cikin ƙashi.

Ya goge wurin da tsumma ya haska da madubi. Robar da ke rufe ƙwallon ta yage ta gefen da ido ba ya gani, yashi ya shiga, leɓen gurbin ya cinye ta ɓangare ɗaya yana ƙyalli. Bai buƙaci wani ya gaya masa dalili ba. Da ya ɗaga motar da yatsa huɗu, sandar da aka yi ta don ta kwanta miƙe sai ta koma a karkace, ƙwallon ya tashi daga tsakiyar gurbi ya koma baki. In ana tafiya miƙe ba ya kaiwa ƙarshe, sai dai ya ci a hankali. In aka murɗa sitiyari har ya ƙare, ƙafa kuma ta gangara, sai wuyan ƙwallon ya daki leɓen gurbin. Jak ma ruɗinsa ya yi ta yi, don in ƙafa ta rataya a iska sandar kan miƙe ta ɗaure tamau, ka girgiza ka ji kamar sabuwa. Ba masu ƙera motar ba ne, ba hanya ba ce, ba tuƙin Alhaji ba ne. Aikin da ya fi alfahari da shi ne.

Ya yi kwance a taɓon ɗan lokaci. Zai iya canza kan sandar ya ce tsufa ne, ba mai ganewa, kuma sabon zai kai Kulu Kebbe lafiya. Amma sabon ma haka zai cinye, kuma akwai ranar da za a dawo da ita da jariri a hannu. Maganin gaske shi ne a sauke motar, kuma wannan ba ya ɓoyuwa, duk tasha za ta gani. Bube bai daɗe yana wannan tunani ba. Mutum ne mai son yabo, ba na musu, amma abin da yake taƙama da shi shi ne ya san aikinsa, kuma wanda ya san aikinsa ya san inda ya ɓata.

Ya tashi ya jawo jak. Ya ciro ƙarafa masu kaurin nan, ya nemo waɗanda maƙerin ya fara yanko masa bara, waɗanda ya raina ya ce sun yi siriri. Su ya sa. Ya canza kan sandar dama da na hagu, ya cika su da giris, ya daidaita ƙafafun gaba da igiya. Mota ta sauka da yatsa biyu. Wani direba da ke wucewa ya ce ashe raƙumin ya durƙusa, 'yan tasha suka yi dariya, Bube ya ce ƙwarai kuwa, kuma shi ya durƙusar da shi. Ya sake cika ƙwarya ya fita hanyar Kebbe, ya kewaye rami bakwai, dama da hagu. Ba ƙwas, ruwa kuma bai zube ba.

Bayan la'asar Alhaji ya iso daga masallaci, Jumare na biye da shi. An riga an loda kwalla da tabarmi a baya. Kulu na tsaye daga gefe cikin mayafi tare da Gwaggo Marka, ƙanwar Alhaji, wadda za ta raka ta. Alhaji ya tsaya ya dubi motarsa daga nesa, ya zagaya ta, fuskarsa ta canza.

"Tambaye shi," ya ce wa Jumare, "wa yac ce a gajarta mani mota?"

Jumare ya juya zai fara takunsa goma, sai ya ga Bube ya riga ya taho. Ya tuɓe takalma, ya durƙusa a gaban Alhaji kusa da kusa, abin da bai taɓa yi ba, ya miƙa tsohon kan sandar da hannu biyu.

"Baba, a gafarce ni, yau ni za ni faɗi da bakina. Ga abin da ka ƙara. Kuma laifina na. Ni niɗ ɗaga mota fiye da kima, sandar sitiyari tak karkace, wanga ƙwallo yac cinye gurbinai. Na sauke ta da yatsa biyu, na sa sababbi. Yanzu lafiya lau take, na tsaya ga wannan."

Alhaji ya karɓi ƙarfen ya jujjuya shi. Hannun manomi ne, ya kama wuyan ƙwallon ya murɗa shi gefe don ya ji. Sai ƙwallon ya suɓuce daga gurbinsa ya faɗi a yashi tsakanin ƙafafunsu.

Alhaji ya daɗe yana kallonsa a ƙasa.

"Da bisa hanya yaf fita fa?" Bai ce Jumare ya tambaya ba.

"Sitiyari na hannunka, Baba, ƙafa ta tafi inda taka so."

"Saura rami nawa kafin shi fita?"

"Allah ɗai ya sani. Ba su da yawa."

"Wata biyu kana nema ba ka ji ba. Yau ƙaƙa kaj ji ta?"

Bube ya ƙara sunkuyar da kai. "Ƙwarya nic cika da ruwa, niɗ ɗora nan kujerar gaba wajen ƙofa. Sai niy yi tuƙi awa mai ɗauke da abin da ba shi son ya zube."

Alhaji ya ɗaga kai ya dubi rassan tsamiya kamar yau ya fara ganinta. Ya gyara hularsa. "Hanya ta ɓaci bana," ya ce. "Shi ke nan."

"I, Baba. Ta ɓaci."

Tsohon ya sunkuya ya ɗauki ƙwallon. Ya hure yashin ya sa shi a aljihun rigarsa, ya nufi mota. Da ya kama ƙofa sai ya tsaya, bai waiwaya ba, ya ce wa ƙanwarsa, "Marka, ki ɗauko matashi ki sa ma Kulu ga baya."

Jumare ya kama tari nan take, ya shiga gaya wa wani da bai tambaye shi ba yadda gero ya yi tsada yau. Gwaggo Marka ta duƙa neman matashin da ke hannunta. Kulu ta ja mayafi ta rufe fuskarta gaba ɗaya, kafaɗunta na motsi, haka aka kama hannunta aka shigar da ita.

Bube ya miƙe ya tsaya ba takalmi, rigarsa duk taɓo. Mota ta tashi. Da ta kai ramin ƙofar gareji, a gaban duk mutanen tasha, ta rage gudu har ta kusa tsayawa, sitiyari ya murɗu har ƙarshe, ƙafar dama ta gangara gefe sannu-sannu. Bube ya karkata kai ya kasa kunnen nan nasa da bai taɓa yi masa ƙarya ba, bai ji komai ba.